Utako: Unguwa ɗaya, iyayen gida barkatai

Duk wanda ya taɓa sauka daga motar dare a Utako, ko ya raka baƙo tasha da sassafe, ya san unguwar ba ta jiran fitowar rana kafin ta farka. Tun ana kiran assalatu motocin Legas da Fatakwal da Inugu ke fara lodi a harabobin kamfanonin sufuri. A babbar tasha 'yan kamasho na kiran fasinjan Kaduna da Kano da Jos, masu shayi sun hura wuta, masu baro kuma sun jeru a bakin kasuwa suna jiran kaya. Kafin ƙarfe takwas, titin Obafemi Awolowo, wanda ya ratsa unguwar daga mahaɗar Berger zuwa Jabi, ya cika maƙil da ma'aikatan da ke hanzarin isa ofis.

Utako na cikin kashi na biyu na ginin birnin Abuja, tana maƙwabtaka da Wuse da Jabi da Mabushi da Wuye. A cikinta akwai hedikwatar kamfanin Julius Berger, da ta Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, da sakatariyar Ƙungiyar 'Yan Jarida reshen Abuja, ga otal-otal da gidajen jaridu, ga kasuwa da tasha, ga kuma tsohon ƙauyen Gbagyi wanda unguwar ta ci sunansa. Kusan duk abin da ake samu a babban birni akwai shi a wannan ɗan yanki. Shi ya sa babu inda ya fi ta dacewa a bi diddigin tambayar da mazauna Abuja ke yi kullum: idan abu ya lalace a bakin titi, wane ne mai shi?

A ɗauki misalin mai shagon kayan masarufi a ɗaya daga cikin layukan da ke kusa da kasuwa. An kwana ana ruwa a watan Agusta, ya zo da safe ya tarar kwata ta toshe da ledoji da robobi, ruwa ya kwanta a ƙofar shagonsa. Gaba kaɗan an sace murfin ƙarfen wani rami da ke tsakiyar titi, wani bawan Allah ya ɗora tsohuwar taya da reshen bishiya don kada mota ta afka. Fitilar titin kuwa ta daɗe rabonta da kamawa. A durowar mai shagon akwai rasidai kala-kala na kuɗaɗen da ya biya hukumomi a cikin shekarar, amma babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunan ofishin da zai zo ya buɗe kwatar.

Idan ya nufi sakatariyar Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja da Kewaye, wato AMAC, da ke Area 10 a Garki, za a shaida masa cewa titunan cikin birni ba a hannun ƙaramar hukuma suke ba. Idan ya ƙarasa Area 11, Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, FCDA, za ta ce ita gini take yi, kulawar yau da kullum tana hannun wani sashe na Majalisar Kula da Birnin Abuja, AMMC. A can kuma ana iya tuna masa cewa sharar da ta toshe kwatar aikin Hukumar Kare Muhalli ta Abuja ce, AEPB. Shi kuwa ramin da aka sace wa murfi, sai an duba abin da ke ƙarƙashinsa, ko bututun ƙazanta ne, ko na ruwan famfo, ko wayoyin sadarwa, domin kowanne da mai shi. Babu wanda ya yi masa ƙarya a cikinsu, kowa ya faɗi iyakar huruminsa ne. Sai dai har ya gama zagayen, ruwan na nan a ƙofar shago.

Birnin da ya riga gwamnatinsa haihuwa

Tushen al'amarin na komawa ga yadda aka kafa Abuja. A watan Agustan 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba ko Legas za ta iya ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Shawarar kwamitin ce ta haifar da Dokar Soja mai lamba 6 ta watan Fabrairun 1976, wadda ta yanko fili daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, ta kuma kafa FCDA. Dokar ta ɗora wa hukumar zana taswirar birnin da shimfiɗa hanyoyi da sauran kayayyakin more rayuwa. Ta kuma ba ta wasu ayyuka biyu da ake yawan mantawa da su: samar da hidimomin da hukumar birni ke samarwa, da daidaita ayyukan duk ma'aikatun tarayya a yankin.

A lokacin an ɗauka cewa za a kwashe duk mutanen da aka tarar a wurin zuwa wajen yankin, a gina birni a fili fetal. Da aka ga kuɗin diyya ya fi ƙarfin aljihun gwamnati, sai aka sauya shawara a 1978, aka bar mafi yawan ƙauyukan a inda suke. Babbar taswirar da kamfanin International Planning Associates ya miƙa a 1979 ta tsara unguwanni da tituna da magudanun ruwa daki-daki, don birnin da zai ɗauki mutum sama da miliyan uku idan ya kammala. Taswirar gini ce, ta injiniyoyi da masu tsara birane. Batun wanda zai mulki unguwannin bayan an gina su, da wanda mazauna za su kai wa kuka, an bar shi ga 'yan siyasa da sojoji su warware daga baya. Fadar gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disambar 1991 ba tare da an warware shi ba.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya zo ya ƙara wani hawa a kan wannan gini. Sashe na 297 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk filayen yankin. Sashe na 299 ya ce a ɗauki Abuja tamkar jiha, amma Shugaban Ƙasa ne zai riƙe ikon gwamna, Majalisar Tarayya kuma ta riƙe ikon majalisar jiha. Sashe na 302 ya ba Shugaban Ƙasa damar naɗa minista ya wakilce shi. Sashe na 303 kuma ya tanadi ƙananan hukumomi shida: AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. A ƙarshen 2004 gwamnatin Obasanjo ta rushe Ma'aikatar Babban Birnin Tarayya, ta maye gurbinta da Hukumar Gudanarwar Birnin, FCTA, mai sakatariyoyi irin na kwamishinonin jiha.

Kundi ya ba wani, aiki na hannun wani

Wanda ya buɗe Jadawali na Huɗu na kundin zai ga jerin ayyukan ƙaramar hukuma a fili: kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, gina da kula da tituna da fitilunsu da kwatoci da lambuna, kwashe shara, sa wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, ƙiyasta harajin gidaje, da sa ido kan allunan talla da shaguna da gidajen abinci. A kan takarda ke nan, kusan duk abin da ya dami mai shagon nan na Utako aikin AMAC ne. A zahiri kuwa, a cikin ƙwaryar birni, hukumomin da ke ƙarƙashin Minista ne ke yin mafi yawansu, suna dogaro da dokar 1976 da kuma dokokin da suka kafa su, kamar ta 1997 da ta kafa AEPB.

'Yan kwangilar AEPB ne ke kwashe sharar Utako zuwa jujin Gosa, ita ce kuma ke kula da bututan ƙazantar da ke zubawa a matatar Wupa. Ruwan famfo na Hukumar Ruwa ta Abuja ne, daga madatsar Usuma. Izinin gini da rusau na Sashen Kula da Gine-gine ne. Takardar fili na bi ta sashen filaye da hukumar AGIS, Minista kuma shi ke sa hannu. Fitilun ba da hannu na Sakatariyar Sufuri ne. Wutar lantarki ta kamfanin AEDC ce. 'Yan sanda kuwa na Sufeto Janar ne, ba sa karɓar umarni daga shugaban ƙaramar hukuma.

Kasuwar Utako da babbar tashar mota suna cikin 'yan abubuwan da suka rage a hannun AMAC a cikin birni. Kasuwar Wuse, wadda ba ta wuce tafiyar 'yan mintuna a mota ba, tana ƙarƙashin kamfanin kula da kasuwanni na gwamnatin Abuja, AMML. Kasuwanni biyu ke nan a cikin ƙaramar hukuma ɗaya, kowace da ubangidanta da tsarin kuɗin hayarta. A Utako ɗin ma ikon AMAC bai wuce katangar kasuwa ba. Filin da kasuwar ke kai na Gwamnatin Tarayya ne, ƙarin shago ɗaya sai da izinin sashen gine-gine, masu tallar da suka baje kaya a bakin ƙofa kuma jami'an AEPB ne ke korarsu. Ita ƙofar kasuwa, inda masu baro da masu tasi da masu talla ke cakuɗewa, ta faɗo ne a kan iyakar hukumomi, kuma a irin waɗannan iyakoki ne ƙazanta da cunkoso ke taruwa.

Masu karɓa sun fi masu gyara yawa

Inda hurumi ya cakuɗe, wurin karɓar kuɗi ne ake fara ganin alamarsa. Mai gida ko mai shago a Utako na iya samun takardar neman biya daga AEPB kan shara, daga sashen filaye kan harajin fili, daga AMAC kan harajin gida da lasisin shago da na rediyo da talabijin, daga sashen allunan talla na gwamnatin Abuja kan allon da ya kafa a ƙofa, sannan daga Hukumar Tara Haraji ta Abuja, FCT-IRS, wadda dokar 2015 ta kafa, kan kuɗin shigarsa. Direban da ya liƙa sunan kamfani a jikin motarsa ya san yadda ake tare shi a kan hanya ana neman takardar tallar tafi-da-gidanka.

An sha sanar da shirin haɗe karɓar kuɗaɗen nan a hannu ɗaya, an kuma sha zama tsakanin jami'an gwamnatin Abuja da shugabannin ƙananan hukumomi. Abin da ke kawo cikas a bayyane yake. Ƙananan hukumomin na ganin kundi ne ya ba su waɗannan hanyoyin kuɗi, sakinsu tamkar sakin 'yancinsu ne. Hukumomin Minista kuma na cewa su ke kashe kuɗin tituna da fitilu da shara a cikin birni, don haka bai dace wani ya karɓa wani ya yi aiki ba, kada a koma kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Kowane ɓangare na da hujjarsa. Wanda ke tsakiya shi ne ɗan kasuwa, wanda idan ya rasa gane takardar gaskiya da ta bogi, sai ya zaɓi sasantawa da wanda ya zo ƙofarsa. Ta haka kuɗin da ya kamata su shiga asusun gwamnati ke zirarewa a hanya.

Titi ɗaya, kaki iri-iri

A mahaɗar Berger ko a ƙofar tasha, direba na iya cin karo da ɗan sandan ba da hannu, da jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra, da jami'in binciken ababen hawa da aka fi sani da VIO, da 'yan kwamitin ko-ta-kwana na gwamnatin Abuja, da masu yankar rasidin ƙaramar hukuma, da kuma 'yan ƙungiyar direbobi. Sau biyu a 'yan shekarun nan kotu na tuna wa hukumomin birnin cewa iko sai da doka. A watan Afrilun 2014 Babbar Kotun Abuja ta dakatar da tsarin biyan kuɗin ajiye mota a bakin titi saboda babu dokar da ta kafa shi. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukuncin cewa VIO ba ta da ikon tsayar da motoci a kan hanya, ko kama su, ko cin tarar direbobi. Hukunce-hukuncen biyu sun nuna rauni iri ɗaya: birnin na gudanar da al'amura da dama bisa umarnin ofis, alhali majalisar da ya kamata ta yi masa doka tana fama da lamuran ƙasa baki ɗaya.

Harkar sufuri a Utako ta nuna yadda gyaran da wani ofishi ya yi ke zama nauyi a kan wani. An hana acaba a cikin birni a 2006 zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, an hana ƙananan motocin bas da ake kira araba a 2013, amma manyan motocin da aka ce za su maye gurbinsu ba su taɓa wadatar da jama'a ba. Giɓin ne masu motocin gida da ke ɗaukar fasinja suka cike, a cikinsu kuma 'yan fashin nan da ake kira wan-cans suka samu mafaka. Kamfanonin sufurin dogon zango da babbar tasha ba ta ɗauke su ba sun buɗe harabobinsu a layukan unguwar, inda manyan motoci ke juyawa a titunan da ba don su aka shimfiɗa ba. A 2025 gwamnatin Minista Nyesom Wike ta ƙaddamar da sababbin tashoshin zamani a Mabushi da Kugbo. Ta Mabushi maƙwabciyar Utako ce. Amfaninta zai dogara ne da yarjejeniyar da za a yi tsakanin mai sabuwar tasha da mai tsohuwa kan wace mota za ta yi lodi a ina.

Makaranta da asibiti da ƙauyen da ke jira

Abin da ya rage wa ƙananan hukumomi kacokan shi ne mafi nauyi kuma mafi ƙarancin kawo kuɗi: albashin malaman firamare da ƙananan asibitoci. Daga 24 ga Maris zuwa watan Yulin 2025 makarantun firamaren gwamnati a duk faɗin Abuja sun kasance a rufe, sama da wata uku, saboda ƙananan hukumomin ba su biya malamai bisa sabon mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da bashin da suke bi ba. 'Ya'yan masinjoji da direbobi da masu gadi da 'yan kasuwa ne suka zauna a gida, a birnin da ake ƙaddamar da sababbin tituna a daidai wannan lokaci. Iyaye da dama sun ɗora laifin a kan Minista, shi kuma ya ce albashin firamare ba nasa ba ne. A ƙarshe sai da ya shiga tsakani, aka amince a yi amfani da kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar birnin da ake ba ƙananan hukumomin don rage bashin. Wannan ya faru ne bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, abin da ke nuna cewa hanyar da kuɗi ke bi ba ita kaɗai ce matsalar ba.

Ɓangaren gwamnatin tarayya ma na da nasa tabon a unguwar. Babban asibitin Utako mai gadaje 220, wanda aka ba da kwangilarsa a 2008, ya shafe sama da shekara goma yana tsaye ba a kammala ba, ministoci na zuwa suna wucewa. Babu kansila ko shugaban ƙaramar hukumar da za a tuhuma a kansa, domin ba aikinsu ba ne. Wanda ya ba da kwangilar kuma ba ya zuwa neman ƙuri'a a Utako.

Sai ƙauyen Utako, wanda ya riga birnin zama a wurin. Yana cikin ƙauyukan da aka tsara mayarwa Shere-Galuwyi a Ƙaramar Hukumar Bwari, shirin da ya daɗe yana tafiyar hawainiya. A idon masu taswira ƙauyen na wucin gadi ne, don haka ba a zuba masa kuɗin tituna da magudanu irin na sauran unguwar. A idon ƙaramar hukuma kuwa mazaunansa masu ƙuri'a ne, amma ba ta da ikon ba su takardar fili. Ƙananan ma'aikata da 'yan ci-rani da ba za su iya biyan hayar benayen Utako ba su ke cika ɗakunan hayarsa. Yaran da aka haifa a wannan zaman jira yanzu sun zama iyaye.

Mai ƙuri'a da mai iko

Abuja ce kaɗai wurin da Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi, kuma zaɓen kan yi zafi fiye da na jihohi. A na 12 ga Fabrairun 2022 jam'iyyun APC da PDP sun raba kujerun shugabanni uku-uku. Amma ma'aikacin da ke zaune a Utako ko Wuse ya san cewa wanda zai zaɓa ba shi ke riƙe da titinsa ko ruwansa ko shararsa ba, shi ya sa da yawa ba sa fita ranar zaɓe. Wanda ke riƙe da su, wato Minista, Shugaban Ƙasa yake yi wa bayani. Kasafin kuɗin birnin kuma Majalisar Tarayya ce ke amincewa da shi, inda Abuja ke da sanata ɗaya cikin 109 da 'yan majalisar wakilai biyu cikin 360. Ƙudirin kafa ofishin zaɓaɓɓen magajin gari ya zo gaban majalisar a gyaran kundi na watan Maris ɗin 2022, bai tsallake ba.

Akwai kuma jama'ar da ba sa cikin lissafin kowa. Dubban masu aiki da masu sana'a a Utako suna kwana ne a Mararaba da Masaka ta Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla ta Jihar Neja. Da rana nauyinsu na kan Abuja, da dare yana kan gwamnonin da ba su da ta cewa a tsarin sufurin birnin. Ƙidayar 2006 ta ba yankin Abuja mutum miliyan 1.4, fiye da rabinsu a AMAC, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba. Kowace hukuma na tsara aikinta ne bisa nata ƙiyasin.

Darasi daga wasu manyan birane

Abuja ba ita kaɗai ke da wannan ciwo ba. Delhi ta Indiya na da zaɓaɓɓiyar gwamnati tun 1993, amma filaye da 'yan sanda na hannun gwamnatin tsakiya, kuma rikicin hurumi tsakanin ɓangarorin biyu ya sha kaiwa Kotun Ƙoli. Wannan na nuna cewa zaɓe kaɗai ba ya raba gardama idan ba a rubuta rabon aiki dalla-dalla ba. Birazil ta bi wata hanya: yankin babban birninta, Brasilia, na zaɓen gwamna tun 1990, ba a kuma raba shi zuwa ƙananan hukumomi masu cin gashin kansu ba, don haka mazauna sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Landan ta zauna shekara 14 babu gwamnatin birni bayan rushe majalisarta a 1986, har aka dawo da zaɓaɓɓen magajin gari a 2000, aka kuma tattara harkar bas da jiragen ƙarƙashin ƙasa da manyan tituna a hukuma ɗaya. A gida ma, Legas ta kafa hukumar LAMATA don tsara sufurin birnin baki ɗaya, ita ce ta fito da motocin BRT a 2008.

Gyaran da ba ya jiran gyaran kundi

Sauya kundin tsarin mulki aiki ne mai tsawo, amma akwai matakan da ke hannun ofisoshi tun yanzu. Na farko, kowace unguwa ta samu rajistar kadarorinta a rubuce, a kuma wallafa ta: wannan titi, wannan kwata, wannan fitila, ga ofishin da ke da alhakinsu, ga lambar da za a kira. Na biyu, a naɗa jami'i guda mai suna da ofis a cikin unguwar, a ba shi ɗan kasafin ƙananan gyare-gyare da ikon kiran wakilan AEPB da AMAC da sashen gine-gine da 'yan sanda su zauna a teburi ɗaya duk wata, tare da shugabannin kasuwa da na tasha da mai unguwar ƙauyen. Na uku, takardar neman biya ta zama ɗaya a shekara, a jera abin da ake bin mutum da kason kowace hukuma, a raba kuɗin a banki maimakon a bakin titi. Na huɗu, duk kwangilar da FCDA za ta bayar ta zo da sunan wanda zai karɓi aikin bayan kammalawa da kuɗin kula da shi.

Abin da ya rage na Majalisar Tarayya ne. Sashe na 303 ya bar mata tsara yadda ƙananan hukumomin Abuja za su gudana, don haka tana da ikon yin doka guda da za ta fayyace abin da ke na Minista da abin da ke na ƙaramar hukuma a cikin ƙwaryar birni, da yadda za a raba kuɗin shiga gwargwadon aikin da kowa ke yi. Haka nan babu abin da ya hana gwamnatin Abuja da jihohin Nasarawa da Neja kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa.

Mafi yawan waɗannan matakai a kan teburin ma'aikata da hadimai suke farawa, domin su ke rubuta takardar da Minista ko shugaban kwamitin majalisa zai sa wa hannu. Jami'in da koke ya zo gabansa yana iya rubuta cewa ba hurumin ofishinsa ba ne, ya mayar da fayil, kuma babu wanda zai ce ya saɓa ƙa'ida. Yana kuma iya ƙara layi biyu: ga ofishin da ke da hurumin, an tura masa kwafi, za a waiwaya nan da mako biyu. Da yamma shi ma ta titin Obafemi Awolowo zai bi zuwa gida, ta gefen ramin nan da aka ɗora wa taya, kuma damina mai zuwa za ta tarar da kwatar bayan kasuwa yadda aka bar ta, sai fa idan an samu ofishin da ya amsa cewa tasa ce.